Yaya ake cewa "a Madina nake zaune" da harshen Fotugis?

Mai Dabino:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina tsaron shagon dabino da carbi kusa da Harami a Madina, shekara 14 ke nan. Akwai wani dattijo ɗan Mozambik da ya zo ziyara, kullum bayan La'asar sai ya biyo ta wurina ya sayi ajwa kaɗan, ya zauna ya huta. Larabcinsa iya na salla ne. Shekaranjiya ya nuna ni da hannu ya ce wani abu kamar "onde mora". Na ce masa Kano. Sai ya kwatanta tashin jirgi da hannu, wato ya ɗauka ni ma baƙo ne mai shirin komawa. Abin ya tsaya mini a rai. Kano ce mahaifata, ba na musu, amma a garin Manzon Allah na yi aure, a nan aka haifi 'ya'yana uku. Ina so in gaya masa haka da harshensa kafin su tafi ran Alhamis.

Ɗalibi a Jami'ar Musulunci:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokin ɗakina ɗan Gini Bisau ne, wurinsa na koya. "Onde mora?" yana nufin "ina kake zaune?", ba asalinka ya tambaya ba. Amsar ita ce "Moro em Medina". Ka furta "moru", don o na ƙarshe kamar u yake fita, "em" kuma ta hanci, kusan "eng". Asali da wata kalma ake faɗarsa: "Sou da Nigéria". In ka haɗa: "Sou da Nigéria, mas moro em Medina." Shekarun kuma: "há catorze anos", ba a furta h ɗin.

Direba a Jidda:
Ƙari kaɗan, Malam. Ina tuƙa wasu 'yan Birazil, na sha gyara a kan wannan. Sunan gari yawanci "em" yake ɗauka: em Meca, em Medina. Ƙasa kuwa yawanci sai ka duba, mace ce ko namiji. Saudiyya mace: "Moro na Arábia Saudita". Sudan namiji: "Moro no Sudão". Su in suna nufin zama na yanzu sukan ce "estou morando".

Ɗalibi a Jami'ar Musulunci:
Haka ne, Yaya, amma wannan na Birazil ne. Mutanen Fotugal da Mozambik "estou a morar" suke cewa. Alhaji ya tsaya a "moro", kowa zai gane.

Mai Dabino:
Allah ya saka muku da alheri. Na rubuta a bayan kwalin dabino, yau na karanta masa. Ya kama hannuna biyu, ya dafa ƙirjinsa ya ce "Moro em Nampula", wato garinsu a Mozambik, har sau biyu. Saura abu ɗaya: yaya zan ce masa Allah ya kai ka gida lafiya?