Neman kalma: me za mu kira steel wool da Hausa?

Malamar Sana'a: Assalamu alaikum. Ina fassara ɗan littafin koyar da kafintanci na yaran da muke horarwa, kuma ranar Alhamis zan miƙa shi wurin bugawa. Na cije a kan steel wool, wato siraran zaren ƙarfen nan da ake dunƙulewa a goge katako. Littafin ya kasa shi takwas: 0000, 000, 00, 0, 1, 2, 3, 4. Mai sifili huɗu ya fi laushi, da shi ake bin katako tsakanin shafin mai na farko da na biyu. Lamba 4 ya fi kaushi, na kankare tsohon fenti ne. Ku taimaka min da suna.

Uwargida: Wa alaikumus salam. Ai soson ƙarfe ne, Malama. Ko yarinya kika aika shago ta san shi.

Baba Kafinta: Hajiya, a nan gizo ke saƙar. Soson ƙarfen da kuke cire ƙanzo da shi daban ne. Wancan murɗaɗɗen ƙarfe ne mai ƙyalli, ba ya saurin tsatsa. Namu taushi gare shi kamar auduga, kuma in ya kwana da laima, da safe sai ki tarar ya yi ja. Na taɓa aiken yaron shagona na ce masa soson ƙarfe, ya sayo na wanke-wanke, kafin in ankara ya zane fuskar tebur gaba ɗaya. Kwana biyu muna bi da samfefa. In aka rubuta soson ƙarfe kawai a littafi, yara arba'in za su yi abin da yaro ɗaya ya yi min.

Ɗan Zariya: To ulun ƙarfe mana. Kalma da kalma ya zauna.

Malamin Hausa: A'a. Ulu kansa aro ne daga Ingilishi, sai mu ɗora aro a kan fassarar kai tsaye? Muna da kalmarmu. Audugar da mata suka shiɓe da masaɓi kafin kaɗi, saɓi ake ce mata. Ku dubi abin nan da kyau, saɓi ne sak, sai dai na ƙarfe. Ina ba da shawarar saɓin ƙarfe.

Uwargida: Allah gafarta Malam, ni kakata ce kawai na gani da masaɓi. 'Ya'yana ba su taɓa jin kalmar ba.

Malamin Hausa: Shi ya sa za a sa ta a littafi, su ji. Haka kalmomi ke mutuwa, Hajiya, kowa ya ce yara ba su sani ba, sai a binne su.

Ɗan Damagaram: A nan Nijar Faransanci na da suna biyu, ɗaya ma'anarsa ulun ƙarfe, ɗayan kuwa haki ne na ƙarfe. Amma ina da ƙorafi. Kullum in za a tsayar da kalma sai a yi ta a Kano, mu kuma a ce mu bi. Littafin nan zai iya ƙetarowa Maraɗi da Damagaram.

Ɗan Zariya: Ɗan'uwa, ba wanda ya ambaci Kano a nan. Kuma Malam, in aro laifi ne, sabulu da allura daga Larabci suka zo, kafinta daga Ingilishi. Sai mu kore su?

Malamin Hausa: Aron da ya cike gurbi daban, aron da ya ture ɗan gida daban. Turawa sun ga abin ya yi kama da gashin tumakinsu suka ce wool. Mu auduga muka sani, ita muka noma, muka kaɗa, muka saƙa, muka rina a Ƙofar Mata. Don me za mu ari idon wani mu kalli abin da ke hannunmu?

Baba Kafinta: Malam, kalmarka ta yi min daɗi, amma in na shiga kasuwa na ce a ba ni saɓin ƙarfe, mai shago zai tsaya yana kallona.

Baduku: Malama, kafin a gama rigimar suna, akwai gargaɗi a littafin game da baƙin tabo?

Malamar Sana'a: Akwai, Baba. An ce kada a yi amfani da shi a kan icen da Turawa ke kira oak, ko a ƙarƙashin man shafi mai haɗin ruwa, domin ɓurɓushinsa na maƙalewa ya yi tsatsa. An kuma ce a nisanta shi da wuta da batir, yana kamawa nan take. Bayanin tabon ne ban san yadda zan sauƙaƙa ba.

Baduku: Wannan kam sana'armu ce. Fatar da aka jeme da bagaruwa, in ka shafa mata kuloko, wato baƙin rinin da mu dukawa ke amfani da shi, sai ta koma baƙa ƙirin, kuma ƙarfen da ke cikin kuloko ne ke haɗuwa da sinadarin bagaruwa. Irin sinadarin nan yana cikin wasu itatuwa. Ki ce musu ɓurɓushin ƙarfe da laima suna yi wa katako abin da kuloko ke yi wa jemammiyar fata.

Malamar Sana'a: Allah ya saka da alheri, Baba, wannan ya shiga yadda ka faɗa. Batun suna kuma, ga abin da na tsayar saboda lokaci: audugar ƙarfe. Ta riƙe hoton da Malam ya kawo, kuma yaro zai gane. A farkon babin zan rubuta cewa ba soson ƙarfe na wanke tukunya ba ne.

Ɗan Damagaram: Mu kaɗa muke ce wa auduga, amma za a fahimta. Na bari.

Malamin Hausa: Auduga ai har da gurya a ciki, ba ta kai saɓi dacewa ba. Amma tunda ba ulu ba ne, ki sa. Ina roƙon ki ambaci saɓin ƙarfe ko sau ɗaya ne a ƙasan shafi.

Malamar Sana'a: Zan sa, Malam. Saura lambobin: in rubuta "mai sifili huɗu" ko in bar 0000?

Baba Kafinta: Ki bar 0000, shi ne a jikin ledar da za su saya.