Alwala a banɗakin da masai ke ciki: ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Ni amarya ce, an kawo ni Kaduna gidan haya a saman bene, ɗaki da falo. Banɗaki ɗaya ne tal, a cikin ɗakin kwana, masai da wurin wanka duk a haɗe, kuma nan ne famfo yake. Tun da na tare a nan nake alwala. Makon jiya Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo mana kwana biyu, ta ga na fito daga banɗaki na shimfiɗa darduma. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce a saninta ba a alwala a makewayi, wuri ne na ƙazanta da shaiɗanu, kuma ba a yin Bisimillah a ciki, to yaya alwalar za ta yiwu? Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Tsakar gidanmu na haɗaka ne, akwai maza 'yan haya, ba zan iya sauka ina buɗe hannu da kai ba. Shin alwalata ta inganta? Sallolin da na yi a baya fa?

Wata uwa daga Zariya: Wa alaikumussalam 'yata. Abin da Hajiya ta faɗa shi muka taso muka tarar. A gidajenmu na da, shadda ce a can ƙuryar gida, ƙasa ce ko siminti mai tsagewa, ba mai tunanin tsugunawa a wurin ya yi alwala. Mutum ya yi tsarki ya fito da butarsa, ya zauna a bakin rariya. Ki sa bokiti a kicin ko a baranda ki riƙa yi a can, ki huta.

Mai tambaya: Mama, ba mu da baranda, kicin ɗin kuma ba rariya. Na gwada da roba a ɗaki, ruwa duk ya jiƙa kafet.

Malamar Islamiyya: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, alwalarki ta inganta. Farillan alwala a mazhabar Malikiyya bakwai ne kamar yadda muka karanta tun a Ahalari: niyya, wanke fuska, wanke hannaye zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa, da jerantawa ba tare da dogon jinkiri ba. Babu tsarkin wuri a cikinsu. Shehu Halil a Muhtasar ya sa wuri mai tsarki ne a jerin mustahabbai, tare da ƙaranta ruwa da fara wanke dama da yin Bisimillah. Shehu Dardir a sharhinsa ya ce alwala a makewayi makaruhi ce ko da ba a taɓa amfani da shi ba, domin an gina shi ne don najasa. Ki lura, makaruhi ya ce. Makaruhi ba ya ɓata ibada, barinsa ne ya fi lada. Kuma malamai suna da ƙa'ida cewa buƙata tana ɗauke karhanci. Macen da zaɓinta shi ne banɗakinta ko tsiraita gashinta a gaban maza, ai buƙatarta a fili take.

Maganar Hajiya tana da tushe, kada ki ɗauka ba ta san abin da take faɗa ba. Hukuncin ne bai kai inda tsoro ya kai ki ba.

Wani ɗalibin ilimi: Malama Allah ya saka da alheri. Sai dai batun Bisimillah ɗin akwai magana. Akwai hadisin da Abu Dawuda da Ibn Majah suka ruwaito cewa babu alwala ga wanda bai ambaci sunan Allah a kanta ba, kuma Hanbaliyya sun wajabta ta ga wanda ya tuna. Ga shi kuma an ƙi ambaton Allah a wurin biyan buƙata: Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar cewa wani ya yi wa Annabi (SAW) sallama a lokacin da Annabi ke bawali, bai amsa masa ba. Yaya za a haɗa biyun?

Malamar Islamiyya: Tambaya mai kyau, Malam. Mazhabobi uku, Malikiyya da Shafi'iyya da Hanafiyya, ba su wajabta ta ba, kuma an ruwaito daga Imam Ahmad kansa cewa hadisan babin ba su kai ƙarfin da ake so ba. Ko malaman Saudiyya da suka fi karkata ga Hanbaliyya ba su hana alwala a banɗaki ba. Shehu Ibn Baz ya ce idan buƙata ta kama mutum ya yi, ya kuma faɗi Bisimillah a ciki, domin wajibi ya fi makaruhi ƙarfi. Shehu Ibn Usaimin ya ce ya yi ta a zuciyarsa ba tare da motsa harshe ba. Abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne mafi sauƙi: idan alwala kaɗai za ta kai ki, ki yi Bisimillah da addu'ar shiga a bakin ƙofa, ki shiga ki fara nan take. Idan kuma kin riga kin biya buƙata a ciki, ki yi ta a zuci. Kalmar shahada ta bayan alwala, wadda hadisin Umar a Muslim ya ce ana buɗe wa mai faɗinta ƙofofin Aljanna takwas, ki bari sai kin fito.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ni abin da ya fi damuna fallatsi ne. Ina da yara maza ƙanana, kun san yadda suke barin ƙasan banɗaki. In ruwan alwala ya zuba ya fantsamo min a zani sai in ji kamar in sake komai, wani lokaci har in canza kaya.

Malamar Islamiyya: Anti, nan ne ainihin wurin da ya kamata a tsaya, kuma hadisi ya zo a kansa. Abdullahi bin Mugaffal ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana mutum yin bawali a wurin wankansa sannan ya yi wanka ko alwala a nan, domin mafi yawan waswasi daga nan yake. Amma dubi yadda magabata suka fahimce shi. Tirmizi ya kawo maganar Ibnul Mubarak cewa an sassauta idan ruwa yana gudana a wurin. Ibn Majah kuma ya kawo daga malaminsa cewa hanin ya shafi wurin da ƙasa ce mai riƙe fitsari, amma daɓen da aka shafe, in an kora ruwa ya wuce, babu laifi. To tayil mai gangare da rariya ya fi wannan daɓen saurin tsarkaka. Ko fitsarin da balaraben ƙauye ya yi a masallacin Madina, guga ɗaya na ruwa aka ce a zuba.

Saboda haka ki watsa ruwa a ƙasan kafin ki fara, ki rufe murfin masai, ki sa silifas na banɗaki, ki tattare zaninki. Bayan wannan duk abin da ya fantsamo mai tsarki ne. A Malikiyya, idan kin tabbata najasa ce a ƙasan amma kina kokwanton ko ta taɓa tufarki, yayyafa ruwa kawai za ki yi. Idan kuma kokwantonki a kan ruwan ne, najasa ne ko a'a, babu komai a kanki. Canza kaya a kan zato shi ne waswasin da hadisin ya ambata, kuma wallahi na ga matan da ya kai su ga fitar lokacin salla suna banɗaki suna maimaita wanki.

Wata uwa daga Zariya: Allah ya ƙara ilimi, Malama. Ni dai zuciyata ta fi natsuwa da waje, kuma mai hali ya yi a wajen ya fi. 'Yata, kada ki je ki ce wa Hajiya an ce ba haka ba ne. In ta sake zuwa, ki kai mata buta da babbar roba ki shimfiɗa leda a falo ta yi tata yadda ta saba. In bayani ya zama dole, ɗanta ya yi mata.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Zan yi yadda kika ce, Mama. Malama, saura ɗaya: zan iya yin alwalar a ciki in fito bakin ƙofa in wanke ƙafafu a roba? Kuma ba ki ce komai a kan sallolin baya ba.

Malamar Islamiyya: Za ki iya. Taku biyu ko uku ba ya yanke jerantawa, muddin gaɓoɓin ba su bushe ba. A hadisin Maimuna ma, Annabi (SAW) ya yi wanka sannan ya matsa gefe ya wanke ƙafafunsa. Sallolinki na baya kuwa babu wadda za ki rama, ko ɗaya.