Yaren rubuta manhaja da ya dace da ƙaramar kwamfuta

Masu rubuta manhaja da suka tattauna da matasan ƙauyukan Ringim sun tsaya a kan Python ko JavaScript ga mai kwamfutar da RAM ɗinta (ma'ajiyar da take riƙe aikin da ake kan yi) bai wuce 4GB ba. Mai son aikin shafukan intanet ya kama JavaScript: burauza da ƙaramin edita (manhajar da ake rubuta umarnin a ciki) irin Sublime Text sun ishe shi, ko babu data.

Android Studio, wanda ake haɗa manhajojin wayar Android da shi, kam a bar shi tukuna. Yana son RAM aƙalla 8GB. Ƙasa da haka kwamfutar maƙalewa take, ta ɗau zafi, caji ya ƙare kafin a kawo wuta. A cire Windows a sa Lubuntu, wani nau'in Linux marar nauyi, in kuɗi ya samu a fara da sayen SSD, ma'ajiyar bayanai mai sauri. Wanda waya kawai yake da ita ya ɗauko manhajar Termux daga F-Droid, rumbun manhajojin Android na kyauta, Python na aiki a ciki.