Hular sanyi irin ta sojojin da: zare, saƙa da wanki

Mai tambaya, Mabera, Sakkwato: Assalamu alaikum. Hunturu ya kama, hular sanyi ta cika kasuwa. Waɗanda suka san irin ta sojojin nan mai naɗi a goshi, ku taimaka, ya ake gane ta kirki?

Mai gwanjo, Tsohuwar Kasuwa: Wa alaikumus salam, Malam. Iri biyu ne ke yawan fitowa cikin dila. Akwai ta sojan ruwan Amurka ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, baƙa ko shuɗiya mai duhu, ba ado, sai naɗin baki. Akwai kuma ta sojan ƙasa na Amurka da aka fara rabawa a 1942, koriya mai duhu da ɗan gajeren baki gaba, don sawa ƙarƙashin hular kwano. Yawancin na yanzu kwaikwayo ne. Zaren za ka duba. Cire ɗan sili daga ciki ka sa mishi ashana: ulu yana warin ƙonannen gashi, tokarsa ta marmashe, na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri.

Mai saƙa, Runjin Sambo: Ga kan babba, santimita 56 zuwa 58, giram 100 na zare matsakaici ya isa, da tsinken saƙa mai kaurin milimita 4.5. A ɗora madauki 96, a yi biyu gaba biyu baya har santimita 24, sannan a fara ragewa don rufe tsakar kai. Dole adadin madaukan ya kasu huɗu-huɗu daidai, in ba haka ba layukan ba za su haɗu ba. Inda 'yan koyo ke kuskure shi ne ƙanƙame layin farko. Bakin ba zai buɗe ba, sai ya bar sawu a goshi, kai ya riƙa ciwo. Naɗin ya kai santimita 7, shi ke ninka kauri daidai kunne.

Ɗan kabu-kabu: Gaskiya ne, Hajiya. Iskar asuba tana ratsa ta roba mai sakin saƙa kamar rariya. Ɗaga ta ga rana, in ka hango haske ta ramukan, bar ta.

Mai gadi, Gawon Nama: Mai bakin nan tana tokare sujada, sai an juya bakin baya. Mai naɗi kuwa tura ta sama kawai za ka yi.

Mai saƙa: Ƙurar hunturu kan sa a yawaita wanki, nan ake kashe ulu. Ruwan zafi da cuɗa su ke sa ya cure ya tsuke, kuma ba ya dawowa. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, a matse cikin tawul ba murɗawa, a shimfiɗa a inuwa. Rataye ta da ruwa a igiya yana ja mata tsawo. In zafi ya shigo a Maris, a wanke ta kafin ajiya, a sa kafur saboda asu.