Neman kalma: motar da ke tuƙa kanta, da irin gudunta

Mai tambaya, Gombe: Assalamu alaikum. Ina fassara bayani kan motocin Waymo, waɗanda tun 2020 suke ɗaukar fasinja a birnin Phoenix na Amurka ba kowa a kujerar direba. Sunan motar ya tsaya min, haka ma speed consistency (riƙe gudu ba hawa ba sauka) da travel time reliability (yadda tsawon lokacin tafiya ke zama daidai kullum). A taimaka.

Malamar Hausa, Bauchi: Wa alaikumus salam. "Marar matuƙi" a bar wa jirgi, shi akwai mai juya shi daga ƙasa. Wannan kuwa kyamara da rada ne idonta, kwamfuta ke juya sitiyari. Bakin da ya haifi a-daidaita-sahu da a-kori-kura ba zai gaza ba: tuƙa-kanki.

Injiniya: Malama, ta zauna daram. Na biyun dai kada a ce "sauri". A wani gwaji da aka wallafa a 2008, masu bincike a Japan sun jera motoci 22 a da'ira mai mita 230, aka ce kowa ya riƙe kilomita 30 a awa. Ba rami, ba shinge, amma gosulo ya haɗu. Ɗaya ya ɗan taɓa burki, na bayansa ya taka fiye da shi, na can baya ya tsaya cak. Da aka sake irinsa a Arizona, aka sa mota ɗaya tak wadda kwamfuta ke riƙe mata totur, sai tsaya-tafin ya lafa. Ni "gudun bai-ɗaya" na ce.

Tsohon direba, tashar Muda Lawal ta Bauchi: Ɗana, wannan mun daɗe da sani. Yaro zai ba ta wuta ya wuce ka fuu, ka tarar da shi a Alkaleri ya ɗaga bonet. Fasinja kuma tambayarsa ɗaya: ƙarfe nawa za mu shiga Gombe? Na ukun ku ce "cika-alkawari". Amma dai a kawo ta ta gamu da garken shanu wajen gadar Dindima mu gani.

Injiniya: Baba, alkawari sai mutum, wannan kuwa aunawa ake yi. In yau awa biyu, gobe huɗu, maki ya faɗi. Gara biyu da rabi kullum, mai zuwa asibiti ya san lokacin fita. "Tabbacin isa" ya fi kamawa.

Mai tambaya: Na ɗauki ukun. Jam'in tuƙa-kanki fa?

Malamar Hausa: Motocin tuƙa-kanki, ƙanena. Ka taɓa jin an yi wa a-kori-kura jam'i?