Matakala ta ɓalle da ƙanena a wurin aiki, wa zai biya diyya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena yana aiki a wani sito da kamfaninsu ya kama haya. Yana saukowa daga bene ɗauke da kwali, sai taki ɗaya na matakalar ƙarfe ya ɓalle saboda tsatsa, ya faɗo ya karye a idon sawu. Ma'aikata sun daɗe suna ƙorafi a kanta, amma da baki. Manaja ya ce ginin ba nasu ba ne, a nemi mai gida, amma za su biya kuɗin asibiti in ya sa hannu a wata takarda. Ina mafita?

Amsar wani lauya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kada ya sa hannu sai lauya ya karanta, domin galibi irin wannan takarda cewa take yi an sallame shi, ba shi da sauran haƙƙi.

Zancen haya ba ya wanke su. A ƙasashen da suka gaji shari'ar Ingila, samar da wurin aiki mara haɗari nauyi ne a wuyan wanda ya ɗauke ka aiki, kuma ba ya sauka don ya miƙa wa wani. Haka babbar kotun Birtaniya ta yanke a 1937 a shari'ar Wilsons and Clyde Coal da wani mai haƙar kwal mai suna English. In yarjejeniyar haya ta ɗora wa mai gida gyara, kamfanin ya biya, sannan ya bi mai gida. Wannan tsakaninsu ne.

Sai dai faɗuwa kaɗai ba ta isa hujja a kotu ba. Dole a nuna akwai lahani, sun sani ko ya kamata su sani, kuma shi ya jawo raunin. A shari'ar Latimer ta 1953, ruwan sama ya malale masana'anta ya gauraya da mai, aka barbaɗa kusan tan 3 na garin katako, bai wadata ba, wani ya zame. Kotu ta ce sun yi iya abin da hankali zai ɗauka. Ambaliya ce ta bazata. Tsatsa kuwa ba ta cin ƙarfe dare ɗaya.

Amsar wata mai duba wuraren aiki:
Malam, ku hanzarta kafin su kira mai walda. A ɗauki hoton takin ta sama da ta ƙasa, da mahaɗar walda, a ɗora ma'auni a gefe. Bakin karayar ƙarfen shi ne shaida: in yana sheƙi sabuwa ce, in ya yi duhu da ɓawon tsatsa to tsagar ta daɗe. A rubuta wa kamfanin wasiƙa cewa su adana guntun ƙarfen da bidiyon kyamarar tsaro, don na'urar kan share tsohon ɗauka cikin 'yan makonni. A tabbatar an shigar da haɗarin cikin littafin rahoto, ya karɓi kwafi. Masu ƙorafin nan kowa ya rubuta yaushe ya faɗa, kuma wa ya faɗa wa.

Mai tambaya:
Na gode. To idan suka ce kwalin ne ya tare masa gani?

Amsar wani ma'aikacin inshora:
Za su faɗa. Amma ko kotu ta yarda, rage diyya take yi gwargwadon sakacinsa: in ta ɗora masa kashi 20 cikin 100, ya karɓi 80. Da wuya ma ta yarda, tunda taki mai lafiya ba ya ɓallewa don an ɗauko kwali.

Ku bincika ko ƙasarku na da asusun diyyar ma'aikata, wanda ke biya ba sai an tabbatar da laifin kowa ba. Ya fi sauri, amma wa'adin kai rahoto gajere ne, kuma a wasu ƙasashe karɓarsa na rufe ƙofar kotu. Ita ma kotun tana da wa'adi, a Ingila shekara 3 ne. A adana hoton ƙashi, rasitai da takardar albashi, kuma kada a yi sulhu sai likitan ƙashi ya rubuta ko ƙafar za ta koma daidai.