Guruf ɗin masu nazarin kasuwanci: ku faɗi abin da kuka gani

Admin, Kano:
Assalamu alaikum. Ƙannenmu na Jos za su buɗe guruf na masu aikin BA, wato nazarin buƙatun kasuwanci, sun tambaye ni ta ina za su fara. Na ga gara in kawo maganar nan. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan guruf ko ya zauna a ciki, ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Ban da nasihar gama-gari, don Allah.

Ma'aikaciyar banki, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Namu ya cika ne bayan da gwamnatin tarayya ta fara shirin 3MTT na koyar da matasa fasahar zamani a 2023. Matasa suka yi ta shigowa, akasarinsu sun ɗauka nazarin data ake koyarwa. Kullum tambayar Excel da SQL da Power BI. Da suka ga ba shi ba ne, guruf ya yi tsit, sai gaisuwar Juma'a.

Abin da ya tashe shi wani aiki ne da na yi. A wani reshe ana kukan buɗe asusu yana cin lokaci, manaja ya ce a nemo sabuwar manhaja. Na je na zauna bayan kanta ina kallo. Ashe fom ɗaya ne ke yawo daga tebur zuwa tebur, mutum biyu daban suna sake shigar da BVN da NIN, sannan takarda ta kwana tana jiran sa hannun wanda ya fita neman kwastomomi. Na zana tafiyar fom ɗin a manhajar zane ta draw.io, na goge duk abin da zai nuna inda nake aiki, na saka a guruf na ce: ina za ku yanke? Har bayan isha'i ana musu. Mutanen da ban taɓa jin muryarsu ba suka fito.

Ɗan kamfanin manhaja, Abuja:
Hajiya, mu kuma jarrabawa ce ta riƙe mu. Mun ɗauko BABOK, littafin jagorar aikin BA na IIBA, ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya da aka kafa a Toronto a 2003. Bugu na uku na 2015 muke bi, fannoni shida ne da dabarun aiki 50. Kowace Asabar da dare mutum ɗaya ke jan karatu. Zoom na kyauta yana yanke mu a minti 40, sai muka koma Google Meet mai awa ɗaya. Ku gaya wa sababbi gaskiya tun farko game da satifiket ɗin IIBA: babban, wato CBAP, sai da awanni 7,500 na aiki cikin shekara goma da awanni 35 na horo, na tsakiya, CCBA, kuma awanni 3,750 na aiki. Wanda bai fara aiki ba, jarrabawar matakin farko, ECBA, ce ƙofarsa. Matsalarmu ɗaya, duk wanda ya ci jarrabawa sai ya saka satifiket a LinkedIn, a yi masa barka, shi ke nan an daina ganinsa.

Dattijo mai aiki a Ingila:
Ƙanena, ai ka faɗi ciwon da bakinka. Guruf ɗin da aka gina kan satifiket makarantar share fage ce, da an yaye ɗalibi ya tafi. Na zauna a wani, ba abin da ke yawo sai littattafan sata da tambayoyin da aka ce wai sun fito a jarrabawa. Na fita. Kuma a nan inda nake, takardar BCS, ƙungiyar masana kwamfuta ta Birtaniya, na fi gani a tallan aiki, don haka kada a ɗora wa yaro biyan dala na jarrabawar IIBA alhali bai san inda zai nemi aiki ba. A intabiyu abin da ake tambayata shi ne yadda na yi da manyan ma'aikata biyu da buƙatunsu suka ci karo. Wannan ba ya cikin hadda.

Ɗan kamfanin manhaja, Abuja:
Yallaɓai, na ji, amma ba don karatun Asabar ba da ba mu san juna ba. Yanzu dai mun sa sharaɗi: wanda ya ci, shi zai ja karatun zango na gaba. Wasu suna cikawa.

'Yar'uwa daga Zariya:
Ni maganar da ba a so a yi zan yi. A WhatsApp kowa na ganin lambar kowa. Mace ta yi tambaya kan aiki, kafin gari ya waye an biyo ta ta bayan fage da "ina son mu san juna". Mata da dama sun bar namu saboda haka. Muka koma Telegram, inda ake iya ɓoye lamba, kuma yana ɗaukar mutum 200,000, ba kamar WhatsApp da ke tsayawa a 1,024 ba. Sai dai mutanenmu ba sa leƙa Telegram, saƙo yakan kwana biyu ba a buɗe ba. Ƙarshe muka dawo, da doka: wanda aka kawo ƙararsa da shaida, waje, ko shi ne gwanin guruf.

Wani kuma ya taɓa saka hoton fuskar kwamfutarsa yana neman taimako, ga sunayen kwastomomi da lambobinsu ɓaro-ɓaro. Akwai dokar kare bayanai ta 2023, kuma aikinsa ma zai iya rasawa. A samu admin biyu ko uku masu ido, mutum ɗaya ba zai iya ba.

Sabon shiga, Katsina:
Yayyena, ku tuna da irinmu masu shiru. Ba girman kai ba ne, tsoron kwafsa Turanci ne a gaban manya. Ranar da aka ce ana iya tura saƙon murya da Hausa na fara tambaya. Na ce ban gane yadda ake rubuta buƙatar mai amfani da manhaja ba. Wata yaya ta ce in ɗauka ana gina manhajar adashi, ta rubuto: "A matsayina na uwar adashi, ina son in ga waɗanda ba su zuba ba, domin in tuna musu kafin ranar kwasa." Sai ta tambaye ni, to in mutum ya zuba rabi fa, a wane jeri zai fito? Na kwana ina tunanin wannan rabin.

Mai shirin buɗewa, Jos:
Mun gode, Allah Ya saka. Za mu fara a WhatsApp da mutanen da muka sani, aiki ɗaya na gaske kowane mako, an goge sunaye. Hajiya ta Kaduna, ko za ki ba mu aron zanen nan na buɗe asusu mu fara da shi? Sannan ba wanda ya taɓo maganar kuɗi: kuna karɓar wani abu daga membobi, ko admin ne ke sayen data daga aljihunsa?